Shin Ko Kun San? Da'ira Cikin Da'ira, Cibiya Ɗaya

Shin ko kun san cewa kalmar Turancin nan *concentric*, wadda malaman lissafi kan rubuta a allo in za a zana da'ira cikin da'ira, tsinin sandar kora shanu ne kakanta? Ma'anarta dai ba ta da wuya: siffofi biyu ko fiye da suka yi tarayya a cibiya ɗaya. Ƙarama a ciki, babba a waje, wata babbar a bayanta, amma duk ɗigo guda suke kewayawa. A Hausa sai mu ce da'irori masu cibiya ɗaya.

Kalmar gaɓa biyu ce aka ɗinke. Ta farko *con*, daga Latin, wato tare. Ta biyu *centrum*, wato tsakiya. Ita kuwa *centrum* ba 'yar gida ba ce a Latin, aro ce daga Girkanci, inda ake cewa *kentron*. To a bakin Girkawan dauri *kentron* ba ya nufin tsakiya tun farko. Sunan duk wani abu ne mai tsini da ke soka: sandar da ake tsokanar sa ko doki da ita ya yi gaba, ƙarin kunama, ƙarin zuma ko na zanzaro. Ya fito ne daga aikatau *kentein*, sokawa.

Yaya aka yi sandar makiyayi ta koma tsakiyar da'ira? Duk wanda ya taɓa riƙe kamfas ɗin cikin akwatin lissafi na 'yan makaranta ya san amsar da hannunsa. Ƙafa biyu gare shi. Ɗaya na riƙe da fensir tana yawo, ɗaya kuwa allura ce da ake cakawa a takarda ta tsaya cak. Wannan ƙafa mai tsini ita masana lissafin Girka suka kira *kentron*, sannu a hankali sunan ya zame daga allurar ya koma kan ɗan ramin da ta bari. In ka ɗaga takardar ka kalli haske ta bayanta, za ka ga hujin kamar na bakin allurar ɗinki. Ka mayar da tsinin cikin wannan huji, ka ƙara buɗa ƙafar fensir, ka sake kewayawa: ka sami da'irori masu cibiya ɗaya. In kuma hannunka ya yi rawa hujin ya faɗaɗa, nan take za ka ga tazarar da ke tsakanin layukan ta yi faɗi a nan ta tsuke a can.

Shin ko kun san Larabci ma ta irin wannan hanya ya bi? *Markaz*, wadda muka saba ji a sunayen makarantu da cibiyoyin addini, ta fito ne daga *rakaza*, kafa mashi ko turke a ƙasa. Markaz shi ne wurin da aka kafe abu. Larabawa na kiran irin waɗannan da'irori *muttahidatul markaz*, waɗanda markaz ɗinsu ya haɗu.

Mu kuwa jikinmu muka duba. Cibiya, wadda ungozoma ke yankewa ranar haihuwa, ita ce ta zama sunan tsakiyar abu, har muke cewa cibiyar kasuwanci, cibiyar bincike. Ni dai a cikin ukun nan tamu ta fi kwanta mini, domin tana tuna wa mutum cewa daga tsakiya abu ke samun abincinsa ya girma ya yi waje. Girkawa ma ba su rasa irin wannan tunani ba: a garin Delfi akwai wani dutse da suke kira *omfalos*, cibiyar ciki kenan a harshensu, suna ɗaukarsa tsakiyar duniya. Ita kuwa kalmar da'ira, daga Larabci muka aro ta.

Tun kafin a kawo kamfas makaranta, magina a karkara suna da nasu. In za a fitar da harsashin zagayayyen ɗaki ko bakin rijiya, sai a kafa turke, a zarga masa igiya, a ɗaura ƙusa ko tsinke a ɗaya bakin, a ja igiyar ta miƙe sosai, a kewaya ana tsaga ƙasa. Sai a ƙara wa igiyar tsawo daidai kaurin bangon da ake so, a sake kewayawa. Layin ciki da layin waje, turke ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu, nan za a jera tubali. Akuyar da aka ɗaure a turke ma haka take yi wa ciyawa: ta kiwace iya tsawon igiyarta, gobe a sassauta mata igiya ta ci wani zobe a bayan na jiya.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin wurare na farko da aka ga wannan kalma a rubuce cikin Turanci littafin da uba ya rubuta wa ɗansa ne? Wajen shekarar 1391, shahararren mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer ya rubuta wa ɗansa Lewis, ɗan shekara 10, bayanin yadda ake aiki da usturlabi, wato faifan tagulla da masu ilimin taurari ke auna tsayin rana da taurari da shi. Yaron bai iya Latin sosai ba tukuna, shi ya sa uban ya rubuta masa da Turancin zamanin. Babban abin da ya dogara da shi kuwa wani littafi ne na Latin da ake jingina wa Masha'allah, masanin taurarin Bagadaza. Ku riƙe wannan suna, zai dawo.

Wannan *kentron* ya hayayyafa ƙwarai. *Centre* ɗansa ne. *Concentrate*, tattara hankali ko tattara abu wuri guda, jikansa ne. *Epicentre*, wurin da ke doron ƙasa daidai saman inda girgizar ƙasa ta faro, shi ma na gidan ne. Har a asibiti akwai dangi: sunan gwajin da ake soka allura a ɗebo ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki, *amniocentesis*, ƙarshensa na ɗauke da tsohuwar ma'anar sokawa ba ta canja ba.

Amma a yi hattara, kama da wane ba ta wane. *Cent* na kuɗin Amurka, da *century*, da santimita, ba su haɗa jini da waɗannan ba. Su daga *centum* suka fito, ɗari kenan a Latin.

Shin ko kun san ba dole ba ne siffofin su zama da'irori? Murabba'i na iya zama a cikin da'ira su haɗa cibiya. Ƙwallo na iya zama a cikin ƙwallo. Haka kuma kasancewar abu a cikin abu bai isa ba: in ka ajiye tsabar kuɗi a gefen faranti, tana cikin farantin, amma cibiyarsu daban. A littafi na 3 na shahararren aikinsa kan lissafin siffofi, Yuklid na Iskandariya ya tabbatar da hujja, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa da'irori biyu da suka gitta juna ko suka taɓa juna ba za su taɓa zama masu cibiya ɗaya ba. Wani abin kuma: kowace siffa mai kusurwa uku ana iya zana mata da'ira a ciki mai taɓa gefunanta, da wata a waje mai bi ta kan kusurwoyinta, amma da'irorin biyu ba sa haɗa cibiya sai in gefunan ukun tsawonsu ɗaya.

Inda kalmar ta fi shan aiki a tarihi shi ne sararin samaniya, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani Bagirke mai suna Yudoksas ya zauna ya yi tunanin yadda zai bayyana tafiyar rana da wata da taurari. Sai ya ce duniya na tsakiya, ƙwallaye masu juyawa sun lulluɓe ta ɗaya bayan ɗaya kamar ɓawon albasa, duka cibiyarsu ɗaya. Ya ƙidaya 27: ɗaya na kafaffun taurari, uku na rana, uku na wata, sai huɗu-huɗu na taurari biyar masu yawo. Wani masanin, Kallifus, ya ƙara bakwai suka zama 34. Aristotal ya zo ya kai su 55.

Tsari ne mai kyan gaske, sai dai sama ta ƙi yarda da shi. In tauraro na kan ƙwallon da duniya ke tsakiyarsa, nisansa da mu ba zai taɓa canjawa ba. To amma ga tauraron Mirrihi, wani lokaci ya yi jajir yana haske, wani lokaci ya dusashe. Ga kuma lokutan shekara ba su zo daidai ba: masanin taurari Hiffarkus ya auna ya sami kwana 94 da rabi a zangon farko na shekarar rana, kwana 92 da rabi a na biyu. Dole aka matsar da cibiyar da'irar rana gefe kaɗan daga duniya. Irin wannan da'ira da cibiyarta ta kauce ita ake kira *ekkentros*, wato wajen cibiya, kuma a kanta Batlamus ya gina babban littafinsa a Iskandariya a ƙarni na 2 miladiyya, wanda Larabawa suka fassara suka kira Almajisti. Daga nan Turanci ya sami *eccentric*. Da tafiya ta yi tafiya kalmar ta sauko daga sama ta hau kan mutane: yau in Bature ya kira mutum da ita, yana nufin bauɗaɗɗe, wanda ɗabi'unsa suka kauce wa na jama'a.

Malaman Andalus ba su ji daɗin wannan kaucewa ba. Ibn Rushd ya soke ta, ya ce lissafi ne da ke fitar da amsa amma bai dace da haƙiƙanin halitta ba. Nuruddin al-Biɗruji kuwa ya tashi tsaye ya rubuta littafi sukutum domin a mayar da sammai kan cibiya ɗaya, Michael Scot ya fassara shi zuwa Latin a birnin Toledo a 1217, malaman Turai suka daɗe suna muhawara a kansa. Al-Biɗruji bai yi nasara ba, amma ƙoƙarinsa bai faɗi ƙasa banza ba, har akwai wani rami a kan wata da aka raɗa wa sunansa. Sai a 1609 Johannes Kepler ya nuna cewa hanyar Mirrihi ba ma da'ira ba ce, siffa ce mai ɗan tsawo kamar an matse zobe.

Edmond Halley, wanda aka raɗa wa tauraruwa mai wutsiya sunansa, shi ma ya taɓa faɗawa wannan kogi. A 1692 ya ce wataƙila cikin duniya ɓawo ne cikin ɓawo da sarari a tsakaninsu. Sararin babu shi, amma hawa-hawan gaskiya ne: ɓawon ƙasa, da abin da ke ƙarƙashinsa, da narkakken ƙarfe, sai dunƙulen ƙarfe a can tsakiya, wanda wata masaniya 'yar Denmark, Inge Lehmann, ta gano a 1936 ta hanyar nazarin girgizar ƙasa.

Shin ko kun san an taɓa gina birni guda a kan wannan siffa? A shekarar 762, daidai da 145 bayan hijira, Halifa Abu Ja'afar al-Mansur ya aza harsashin Bagadaza a gaɓar kogin Dijla, ya kira ta Madinatus Salam. Zagayayyen birni ne, ganuwa cikin ganuwa, da ƙofofi huɗu: ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan, da ta Sham. A tsakiya fadar halifa ce mai koriyar ƙubba da babban masallaci. Cikin masanan da aka nema su zaɓi lokacin aza harsashin akwai Naubakht, akwai kuma Masha'allah, wanda sunansa ya biyo littafi har ya isa hannun Chaucer bayan shekara fiye da 600. Yau ko tubali ɗaya na wannan zagayayyen birni ba ya tsaye.

Wanda ke tsaye, kuma sau biyar yake sabuntuwa kowace rana, shi ne sahun masallata a Masallacin Harami. Ko'ina a duniya sahu miƙaƙƙe ne, sai a nan yake lanƙwasa ya kewaye Ka'aba, zobe bayan zobe. Marubucin tarihin Makka, al-Azraƙi, ya ruwaito cewa Khalid bin Abdullahi al-Ƙasri, gwamnan Makka a zamanin Banu Umayya, shi ya fara kewaya sahu haka da jama'a suka yi yawa. Alhazai sun san wani abu da ƙafarsu wanda lissafi ke tabbatarwa: ɗawafi a hawan sama ya fi na kusa da Ɗaki tsawo nesa ba kusa ba.

Nawa ne bambancin? Ƙa'idar guda ce ko'ina: duk mita ɗaya da ka ƙara nisa daga cibiya, kewayenka ya ƙaru da mita 6.28. Shi ya sa a tseren mita 400 ba a jera 'yan gudu a layi ɗaya. Faɗin kowace hanya mita 1.22 ne, lanƙwasar hanyoyin kuma cibiyarsu ɗaya, don haka kowace hanya ta fi ta cikinta da mita bakwai da 'yan kai. Wanda ke hanya ta 8 ana tsayar da shi kusan mita 53 gaban na hanya ta 1. Mai kallo sai ya ga kamar an ba shi fifiko, alhali hakkinsa kawai aka ba shi.

Ga wadda ta fi ba ni mamaki. A ce an ɗaura igiya ta kewaye ƙugun duniya, kilomita 40,075, ta manne da ƙasa. Ana so a ɗaga ta sama mita ɗaya ko'ina da ko'ina. Igiya nawa za a ƙara? Zuciya za ta ce dubban kilomitoci. Amsar ita ce mita 6.28 ɗin nan dai, abin da bai kai igiyar guga ta wata rijiyar ba. In da ƙwallon ƙafa ka kewaye maimakon duniya, amsar ba za ta canja ba.

Allon harbin kibiya na gasar Olamfik ma zobe goma ne masu cibiya ɗaya, faɗinsa santimita 122, ana harbinsa daga nisan mita 70. Zoben tsakiya mai maki 10 faɗinsa santimita 12.2 ne kacal.

Wayar da ke saukowa daga dish zuwa akwatin talabijin ma, in ka yanka ta ka dubi bakinta, za ka ga tagulla a tsakiya, farar roba, saƙaƙƙen ƙarfe, sai baƙar riga, duk cibiyarsu ɗaya. Oliver Heaviside ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1880.

Shin ko kun san akwai wani wuri a hamadar Muritaniya, kusa da tsohon garin Wadan, da ake kira Idon Sahara? Zobba ne na duwatsu, ɗaya cikin ɗaya, faɗinsu ya kai kilomita 40. Wanda ke tsaye a ciki ba zai gane siffar ba saboda girmanta, sai daga sama, kuma 'yan sama jannatin Amurka sun ɗauki hotonta tun a shekarun 1960. Da farko an zaci wani dutse ne ya faɗo daga sama ya fasa wurin. Bincike ya nuna ƙasa ce ta kumburo daga ƙarƙashi, iska da ruwa suka zaizaye samanta, jerin duwatsun suka bayyana kamar an yanka albasa a kwance.

Zobban cikin kututturen itace kowa ya san su, kowane zobe shekara guda a ƙasashen da sanyi ke tsayar da girman itace. Da su aka ƙidaya wa wata bishiya a duwatsun Kalifoniya shekara fiye da 4,800. Kuka tamu kuwa ba ta yarda a karanta shekarunta ta wannan hanya cikin sauƙi, zobbanta sukan dusashe, shi ya sa masana ke komawa ga gwajin sinadarin kabon.

Yanzu ga gwaji, a ɗauko faifan da ake rufe ƙwarya da shi. Ido zai ce da'irori ne masu cibiya ɗaya, ja a nan, baƙi a can, kore a baki. Ɗora ɗan yatsa a kan layi ɗaya ka bi shi. Ba za ka dawo inda ka tashi ba, za ka tarar ka haura layin gaba. Mai saƙa ta fara ne daga ɗan ƙulli a tsakiya, tana naɗa damin ciyawa tana ɗinke shi da zaren kaba, tana ƙara ciyawa in ta kusa ƙarewa, ba ta yanke ba har ta kai baki ta sirantar da shi ta ɓoye ƙarshen. Layi ɗaya ne tal, naɗaɗɗe kamar gammo. Da Hausawa suka ga baƙin farantin garmaho suka kira shi faifai, sun dace fiye da yadda ake zato, domin shi ma tsagi ɗaya ne a kowace fuska, allura na binsa daga baki zuwa ciki. Faifan CD haka yake, sai dai shi daga ciki yake farawa kamar na saƙa, kuma in an warware layinsa ya haura kilomita 5. Faifan ajiyar bayanai mai juyawa na cikin kwamfuta ne ke da da'irori na gaskiya, kowace a rufe, ba ta shiga 'yar uwarta.

Akasin haka ma na faruwa. A 1908 wani masanin halayyar ɗan Adam a Birtaniya, James Fraser, ya wallafa wani zane da duk wanda ya kalla zai rantse naɗi ne mai shigewa ciki kamar katantanwa. Da'irori ne rufaffu masu cibiya ɗaya, karkatattun gutsattsarin layi da aka zana su da su ne ke ruɗar ido. Nan ma ɗan yatsa ne alƙali.

Shin ko kun taɓa lura da bakan gizo biyu a lokaci ɗaya bayan ruwan la'asar? Na ƙasa mai haske, na sama dusasshe, launukansa a juye: ja a waje a na farko, ja a ciki a na biyu. Sassan da'irori ne masu cibiya ɗaya, na farko a kusurwar digiri 42, na biyu wajen 51. Kamaluddin al-Farisi a ƙasar Farisa da wani malamin Jamus mai suna Theodoric, kowa a nasa ɓangaren ba su san juna ba, sun bayyana dalilin a farkon ƙarni na 14 ta hanyar cika ƙwallon gilashi da ruwa su bi hasken da ke shiga: sau ɗaya yake karo da bangon ɗigon ruwa ya dawo a bakan farko, sau biyu a na biyu. Cibiyar da suke kewayawa kuwa tana kan layin da ya taso daga rana, ya bi ta idonka, ya sauka a kan inuwar kanka. Wanda ke tsaye kusa da kai nasa bakan daban ne, daga wasu ɗigogin ruwan yake zuwa masa.